Gadon Sarauta da Jinin Ƴaƴan Wasu: Sharhi a kan Littafin Raybearer na Jordan Ifueko

A hutun daminar da ta wuce ne ɗiyar ƙanwata, wadda ke karatu a Kano, ta zo mana Damagaram da wani littafin Turanci a jakarta. Kwana uku ta yi tana fama da shi, har tuwon dare sai an yi ta kira kafin ta fito. Da na gaji na ce mata, "Ke kuwa wane irin littafi ne wannan da ya raba ki da mutane?" Sai ta ce, "Kawu, labarin fada ne, irin na Magana Jari Ce da kake ba mu muna yara, sai dai wannan yarinya ce a tsakiyarsa." Wannan kwatancen nata shi ya sa na karɓi littafin da ta gama, don in ga ko ta yi gaskiya. Na karanta shi sau biyu, ga abin da na gani. Ina sanar da mai karatu tun yanzu cewa zan taɓo ƙarshen labarin, don ba a iya auna riga sai an shimfiɗa ta duka.

Sunan littafin Raybearer, wato mai ɗauke da haske. Marubuciyarsa Jordan Ifueko, haifaffiyar Amurka ce, iyayenta ƴan Najeriya. Ya fito a shekarar 2020, ci gabansa mai suna Redemptor ya biyo baya a 2021. Yana cikin jerin littattafan almara da ake rubuta wa matasa, masu haɗa sarauta da sihiri da makircin fada, waɗanda a da kusan duka a kan sarakunan Turai ake gina su. Daga baya ƴaƴan Afirka mazauna ƙetare suka shigo fagen, musamman bayan karɓuwar da littafin Tomi Adeyemi, Children of Blood and Bone, ya samu a 2018.

Labarin a taƙaice

Tarisai yarinya ce da ta tashi a wani ɓoyayyen gida a ƙasar Swana. Malamai ke kewaye da ita, amma ba mai yarda ya taɓa ta, saboda tana da baiwar ganin abin da ya wuce a rayuwar duk wanda jikinta ya taɓa. Mahaifiyarta ba ta da suna a littafin, laƙabi kawai ake kiran ta da shi, wanda za mu fassara da Uwargida. Tana zuwa jefi-jefi, ta tafi ta bar ɗiyar cikin kewa. Mahaifinta kuwa Melu, aljani ne mai tsaron dajin Swana, wanda Uwargida ta ɗaure da sihiri ta tilasta masa biya mata buƙatu uku. Buƙata ta uku a wuyan ɗiyar ta faɗa: za a kai ta fada, ta shiga jikin yarima, idan ta ƙaunace shi ya kuma shafa mata man amana, sai ta kashe shi.

Tana da shekara 11 aka kai ta birnin Oluwan, hedikwatar daular Aritsar mai ƙasashe 12. A wannan daula, kowane magajin sarki yana ɗauke da wani haske da yake haɗa zuciyarsa da zukatan mutum 11 da zai zaɓa su zama majalisarsa. Hasken ba ya kama yaro sai yana ƙaunar yariman da gaske. Hanyoyin mutuwa 13 ne a duniyar littafin. Ana haifar yarima da kariya daga guda ɗaya, kowane ɗan majalisa da ya shafa wa mai yana ƙara masa kariya daga wata. In sun cika 11, ba abin da zai kashe shi sai tsufa, ko hannun ɗaya daga cikin ƴan majalisar tasa. Su kuma ƴan majalisar in suka yi nisa da juna sai ciwo ya kama su.

Yarima Ekundayo, wanda ake kira Dayo, yaro ne mai taushin zuciya, nan da nan Tarisai ta ƙaunace shi kamar ɗan'uwa. Don ta tsare shi daga kanta sai ta goge tunaninta na baya, ta shiga majalisar ba ta san abin da take ɗauke da shi ba. Ragowar littafin yana bin yadda wannan tunani ya dawo, da yadda ta gano cewa asirin gidansu da asirin daular abu ɗaya ne.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne dokar sihirin. A yawancin littattafan wannan layi, sihiri makami ne kawai: wannan ya jefa wuta, wancan ya tare da iska. Ifueko ta mai da sihiri tsarin mulki. Sarki ba ya rayuwa sai da ƙaunar mutum 11, kuma waɗannan 11 su kaɗai ne ke iya kashe shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fada ya san wannan gaskiya ce tun kafin a sa mata sihiri. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Sarki yakan tsira daga mashin abokin gaba a fagen fama, ya dawo gida ya faɗa a hannun wanda ke riƙe masa buta. Marubuciyar ta ɗauki wannan sanannen abu ta mai da shi ƙa'ida mai lissafi, ta yadda kowace amana a littafin tana da farashi, kowace ƙauna kuma ƙofa ce da aka bari a buɗe. Da sarkin daular, Olugbade, ya zo mutuwa a ƙarshe, ta wannan ƙofar mutuwar ta shigo masa. Mai karatu ba ya jin an yaudare shi, don tun farkon littafi aka shimfiɗa masa dokar.

Na biyu, dangantakar uwa da ɗiya. Uwargida ba mayya ba ce irin ta tatsuniya. Sannu a hankali muke gane cewa ƴar'uwar sarki Olugbade ce, ita ma da hasken aka haife ta, amma aka kore ta daga fada tun tana yarinya saboda an ce mace ba ta ɗaukar haske. An zalunce ta, wannan ba shakka. Sai dai ta ɗauki zaluncin da aka yi mata ta ɗora wa ɗiyar da ta haifa, ta hana ta runguma, ta rene ta kamar yadda maƙeri ke wasa wuƙa. Tarisai kuma ba ta daina son ta ba. Wannan shi ne wurin da littafin ya fi taɓa ni. Mu da muka tashi da jin cewa albarkar uwa ita ce jari, ba kasafai adabinmu ke yarda ya tambayi abin da ɗa zai yi idan umarnin uwa ya zama zalunci ba. Littafin bai koya wa yara raina iyaye ba. Ya nuna yarinyar da ta ƙi aikata kisan da aka aike ta, tana kuma kukan uwar da ta aike ta. Riƙe waɗannan abubuwa biyu tare ba ƙaramin aiki ba ne ga marubuci.

Na uku, kuma mafi nauyi, batun ƴaƴan fansa. Daular Aritsar tana zaune lafiya ne saboda wata yarjejeniya da wanda ya kafa ta, Enoba, ya ƙulla da abiku, wasu aljanun ƙarƙashin ƙasa. Sunan daga Yarbanci aka aro shi, inda yake nufin abin da mu muke kira ɗan wabi. Bisa yarjejeniyar, ana haifar wasu yara da zanen taswira a fatarsu, in sun tasa sai a tura su ƙarƙashin ƙasa a matsayin fansa. Abin da aka ɓoye shi ne, an murɗa lamarin ta yadda duk waɗannan yara daga ƙasa ɗaya suke fitowa, Songland, wadda ta ƙi shiga daular. Mutanen Oluwan suna barci da daɗi, suna waƙar zaman lafiya, iyayen wata ƙasa can nesa suna biyan kuɗin barcin da ƴaƴansu. Ba sai an yi wa mutumin Nijar dogon bayani a kan wannan ba. An yi shekaru da dama a baya uraniyom ɗin Arlit yana kunna fitilu a Faransa, ƙauyukanmu da yawa suna kwana da aci-balbal. Littafin da zai sa yarinya ƴar shekara 16 ta tambayi wane ne ke biyan kuɗin kwanciyar hankalin wani, ya yi aikin da ya wuce nishaɗi.

Akwai kuma dokar haɗin kai da sarki ya kafa, wadda ta umarci a daina labarai da kaɗe-kaɗen kowace ƙasa, a karɓe gangunan makaɗa, kowa ya koma ga labarin daula guda. An kafa ta da sunan hana rikicin ƙabilanci, kuma waɗanda suka tsara ta ba duka ne mugaye ba. A nan ina so mu Hausawa mu karanta da ido biyu. Mun san zafin a hana yaro harshensa a aji, a ce sai Faransanci. Amma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, ya kamata mu riƙa tuna cewa a idon Bazabarme ko Babarbare ko Buzu, mu ma muna iya zama Oluwan. Wanda ya sha duka jiya, in sanda ta zo hannunsa, ba abin da ke tabbatar da cewa zai ajiye ta.

Idan aka ajiye shi kusa da Magana Jari Ce

Ɗiyar ƙanwata ba ta yi kuskure ba da ta tuna da littafin Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. A can ma akwai sarki, Abdurrahman, da ɗa tilo da aka samu bayan dogon jira, Musa, da waziri mai ƙulla makirci da abokan gaba don ya gaje gadon sarauta. A can ma haɗarin daga cikin gida yake. Kuma abin da ya tsare yarima shi ne labari, don aku ne ya yi ta ɗauke masa hankali da hikayoyi har sarki ya dawo daga yaƙi. A Raybearer ma labari shi ne makamin Tarisai, tunda baiwarta ita ce karanta tarihin mutane da na abubuwa, kuma da tono labarin da aka binne ta girgiza fada.

Bambancin yana ga inda kowannensu ya ajiye laifi. A wurin Imam, gadon sarauta lafiyarsa ƙalau, wazirin ne ya ɓaci. Da aka kawar da shi aka naɗa aku, duniya ta koma daidai. Mai karatu ba ya fita daga littafin yana tambayar yadda kakannin Abdurrahman suka samu ƙasar. A wurin Ifueko kuwa ɓarakar tana cikin harsashin ginin. Dayo yaron kirki ne, amma kirkinsa ba zai hana a ci gaba da tura yaran Songland rami ba, don ba shi ya ƙulla yarjejeniyar ba, gadonta ya yi. Wannan ci gaba ne a tunani, kuma ya dace da zamanin da matasa suka ga an sauya shugabanni sau da yawa, halin da suke ciki bai sauya ba.

Ta wani gefen kuwa Imam ya fi ta. Fadar Imam tana da ban dariya, tana da bayi da fadawa da ƴan kasuwa da wawaye, kowa da bakinsa. Fadar Ifueko ba ta cika dariya ba, kuma talaka ba ya samun bakin magana sosai a cikinta, sai dai a gan shi daga nesa yana shan wahala.

Inda ya yi rauni

Babban raunin littafin, a ganina, yana cikin maganin da ya kawo wa cutar da ya gano. Bayan ya nuna mana cewa daular a kan ƙarya da jinin yara aka gina ta, sai ya ce mafita ita ce a gane cewa hasken biyu ne tun asali, na namiji da na mace, Enoba ne ya danne haƙƙin ƴar'uwarsa Wuraola, aka kuma shafe tarihin sarauniya Aiyetoro. Tarisai ta cancanci gadon sarauta saboda ita ma jinin gidan Kunleo ce. To, a nan tambaya ta taso. Da a ce ɗiyar manomi ce daga Swana, mai wannan hankali da wannan tausayi, amma ba ta da ɗigon jinin sarauta, wa zai saurare ta? Littafin ya ƙalubalanci hana mace mulki, bai ƙalubalanci cewa gida ɗaya ne Allah ya zuba wa haske ba. An faɗaɗa kujerar ta ɗauki mutum biyu, amma har yanzu ƴan ɗaki ɗaya ne ke hawa.

Wannan ba laifin Ifueko ita kaɗai ba ne, ciwon wannan layin adabi ne kusan gaba ɗaya. Ana fara labari da yarinya marainiya ko baiwa ko korarriya, mai karatu talaka ya ga kansa a cikinta, can sai a bayyana cewa ashe gimbiya ce da aka ɓoye. Saƙon da ke shiga zuciyar yaro ba tare da ya lura ba shi ne, in ka ga wani ya yi fice, bincika, za ka tarar ɗan gidan wani ne. A ƙasashen da ake tambayar matashi ɗan wane ne shi kafin a duba takardunsa, wannan saƙo ba ya buƙatar ƙarin taki.

Haka kuma ƙarshen labarin, inda Tarisai ta yi wa abiku tayin kanta a madadin yaran, da sharaɗin za ta haɗa sarakunan ƙasashe 12 a majalisarta sannan ta shiga ƙarƙashin ƙasa da ƙafarta. Wuri ne mai motsa zuciya, ban musa ba. Amma iyayen Songland da suka yi shekaru suna rasa ƴaƴa, ba su ne suka karya yarjejeniyar ba. Ceto ya zo musu daga fadar da ta zalunce su, ta hannun mai tausayi ɗaya. In da mai tausayin ba ta zo ba fa? Woo In, ɗan sarautar Songland wanda shi ma ɗan fansa ne, shi ne muryar waɗannan mutane a littafin, kuma yana cikin taurarin da suka fi rai, sai dai an bar shi a gefe yana yi wa shirin wasu hidima.

Rauni na biyu shi ne ƙasashen daular. Marubuciyar ta gina su a kan al'ummomin duniya daban-daban: Oluwan ta yi kama da ƙasar Yarbawa, Dhyrma da Indiya, Songland da Koriya, wasu da Turai. Niyyar mai kyau ce, amma da yawansu ba su wuce tufafi da abinci da launin fata ba. Cikin ƴan majalisa 11, waɗanda mai karatu zai iya tunawa bayan ya rufe littafi ba su wuce Sanjeet da Kirah ba. Littafin da ya ginu a kan cewa mutum 11 sun zama rai ɗaya, bai kamata ya bar mafi yawansu a matsayin sunaye ba. Rauni na uku ƙarami ne: kashi na ƙarshe ya yi gudu, asirai suna ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya kamar an girgiza magarya, mai karatu bai gama tsintar wannan ba wani ya faɗo.

Abin da ya rage gare mu

Ina karanta batun haske biyu, na namiji da na mace, sai na yi murmushi, don abin da Ifueko ta ƙirƙira a matsayin ɓoyayyen asiri, a wurinmu tsari ne da ke fili. A Tsibirin Gobir akwai Inna, mace daga gidan sarauta mai iko nata na kanta a gefen sarki. A Maraɗi akwai Iya. Majalisar da ke riƙe da ran sarki ma muna da irinta: Kaura da Galadima da Durbi da Ƴandaka a Maraɗi, waɗanda ke da bakin magana wajen naɗin sarki. A Lugu akwai Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, wadda Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Nan Damagaram kuwa, a 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1906 kuma Faransawa suka tuɓe sarki bisa zargin ƙulla musu makirci, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan al'amuran gari. Wane makircin fada ne marubuci zai nema da ya wuce waɗannan?

Ba mu rasa masu rubuta almara da Hausa ba. Tun daga Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934 har zuwa littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwanninmu ana kuma karanta su a rediyo, aljanu da matsafa da sadaukai ba su taɓa barin adabinmu ba. Sai dai da yawa daga cikinsu a wasu birane masu sunayen Larabawa ko Farisa ake kafa su, jarumi ya sare dubu da takobi ɗaya, ya auri ɗiyar sarki, a tashi. Darasin da za mu ɗauka daga Raybearer shi ne a ba sihiri doka, a ba dokar farashi, a kuma nuna wanda ke biya. Darasin da za mu ɗauka daga rauninsa shi ne, in mun zo rubuta namu, kada mu ji dole sai jarumar ta zama jikar sarki kafin maganarta ta yi nauyi. Ɗiyar maƙeri da ke ƙera wa fada takubba, ko ɗan makaɗin da ya haddace sunayen sarakuna har da wanda aka hana ambata, kowannensu ya isa ya riƙe littafi.

Da na mayar wa ɗiyar ƙanwata littafinta, na gaya mata ƙorafina a kan batun jini. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu, ai ko a Magana Jari Ce, akun da ya zama waziri ba ɗan kowa ba ne, saye aka yi." Na rasa amsar da zan ba ta, don ta fi ni gaskiya: a wannan gaɓa ɗaya, tsohon littafinmu na 1937 ya riga na 2020 isa. Ina ba duk mai iya Turanci shawarar ya nemi Raybearer ya karanta, ya ba ƴaƴansa, sannan su zauna su yi gardama a kansa kamar yadda muka yi.